Sukuwa da tukunya: Wa zai ci ribar taron dawaki a ƙasar Haɗeja?

A watan Disambar 2024 ne hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya ke tinƙaho da su. Tun daga lokacin, maganar mayar da hawa da sukuwa hanyar jawo baƙi da samun kuɗin shiga ta ƙara ƙarfi a Arewa.

Masarautar Haɗeja na cikin waɗanda ke da hujjar yin irin wannan tunani. Gari ne da ya san doki tun zamanin Sarki Buhari a tsakiyar ƙarni na 19, har zuwa ranar da Sarki Muhammadu ya yi shahada a yaƙi da Turawa a watan Afrilun 1906. Yau ma, duk Sallah sai hakimai sun hau sun yi wa Mai Martaba Sarki Adamu Abubakar Maje jafi. Ga kuma dausayin Baturiya a ƙaramar hukumar Kirikasamma, wanda sunansa ya kai Turai saboda tsuntsayen da ke sauka a cikinsa.

Sai dai idan ana wannan lissafi, akan tsaya ne kan dawaki da manyan baƙi da rumfar da za su zauna. Ba a cika tambayar abin da dubban 'yan kallo za su ci ba, ko wanda zai dafa, ko aljihun da kuɗin zai shiga. Alhali da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ga talakan da ba shi da doki, ribar taron dawaki tana cikin tukunya ne da faranti.

Yadda Turawa suka mayar da bayan mota teburi

Akwai wata irin sukuwa da Turawa ke yi wadda ba mu saba da ita ba, wato sukuwar tsallake shinge da rami. An ce ta samo asali ne a ƙasar Ayalan a shekarar 1752, lokacin da wasu mahaya biyu suka yi tsere daga hasumiyar cocin garin Buttevant zuwa ta garin Doneraile, tafiyar kimanin mil 4 da rabi, suna tsallake duk abin da ya tare musu hanya. Mafi shahara a yau ita ce gasar Grand National da ake yi a filin Aintree kusa da Liverpool tun 1839, inda doki ke tsallake shinge 30 kafin ya kai ƙarshe.

Da wasan ya tsallaka Amurka, sai ya zo da wata al'ada ta ci da sha. A gasa irin ta Virginia Gold Cup, wadda aka fara a 1922, da ta Iroquois a birnin Nashville, wadda aka fara a 1941, iyali kan sayi wurin ajiye mota a gefen filin tun kafin ranar. Gwargwadon kusancin wurin da hanyar dawaki, gwargwadon tsadarsa. Idan ranar ta zo sai a buɗe bayan mota, a kafa teburi, a jera soyayyar kaza da dafaffen ƙwai da burodi da cuku da 'ya'yan itace, da kuma giya, wadda ba tamu ba ce. Har gasa ake yi ta wanda ya fi iya ƙawata teburinsa.

Abubuwa uku ne suka riƙe wannan tsari. Abinci daga gida yake zuwa. Kuɗi a ƙofa ake karɓarsa. Sannan wani kaso na ribar yana tafiya ga aikin jinƙai, kamar yadda gasar Nashville ta daɗe tana tallafa wa asibitin yara na jami'ar Vanderbilt.

Namu tsarin daban ne

A ƙasar Hausa abin juyi ne. Ko a filin sukuwa na Kano, ko a Katsina da Sakkwato, ko a Maraɗi da Damagaram, ko a ƙauyen da aka share fage don sukuwar Sallah, mafi yawan 'yan kallo hannu rabbana suke zuwa, sai 'yan kuɗin da ke aljihu. Abinci a filin suke tarar da shi.

Mai tsire ya kafa tukuba, mai balangu ya baza takarda. Mai waina tana gefe da tanda, kusa da mai awara da mai ɗanwake. 'Yan fura da nono sun jera ƙorai a inuwa. Ga mai rake, ga mai kankana, ga mai gyaɗa da aya da goruba. Ga yara da bokitin zoɓo da kunun aya da ruwan leda suna ratsa jama'a.

Babu mai karɓar kuɗin ƙofa, amma kuɗi na yawo. Yana yawo ne ƙanana-ƙanana, daga aljihu dubu zuwa hannu ɗari. Cinikin mai waina na yini guda shi ne kuɗin makarantar allo da sabulu da zubin adashi. Daga hannunta kuma ya wuce zuwa ga mai shinkafa da mai man gyaɗa da mai niƙa da mai itace.

A nan haɗarin kwaikwayo yake. Idan aka ce za a zamanantar da taro ta hanyar kewaye fili, a sa tikiti mai tsada, a ɗauko kamfanin girki daga Kano ko Abuja ya ciyar da rumfar manya, a kuma kora masu talla bayan shinge, to taron zai yi kyau a hoto. Amma kuɗin da a da ke kwana a Haɗeja da Auyo da Guri zai bi mota ya bar gari kafin magariba.

Babu laifi mai hali ya zo da kulolinsa a bayan mota, ya shimfiɗa darduma shi da iyalinsa. Ana ma yin haka a yanzu. Abin dubawa shi ne kada wurin da motarsa za ta tsaya ya zama shi ne wurin da aka tashi mai tanda.

Abin da fadama ke kawowa fili

Abin da ya bambanta Haɗeja da sauran garuruwan dawaki shi ne kogi. Kusan duk abin da za a ci a irin wannan taro, fadamar Kogin Haɗeja ce ke bayar da shi.

Shinkafar waina daga nan take. Alkamar da ake nomawa da rani a yankin Auyo da Haɗeja, inda aka ƙaddamar da aikin noman rani na kwarin Haɗeja bayan gyara a farkon 2023, ita ce ta alkaki da gurasa. Jigawa na sahun gaba a Najeriya wajen noman zoɓo da riɗi. Nono kuwa na shanun da ke gangarowa fadama ne idan kaka ta wuce. Uwa-uba kifi, domin kasuwar kifin Haɗeja sananniya ce, daga cikinta ake lodin banda zuwa kudancin ƙasar nan. Tarwaɗa da ƙarfasa, soyayye ko gasasshe, su ne abin da baƙo zai ci ya tafi yana ba da labari.

Amma wannan fadama tana cikin wani hali. Madatsar ruwa ta Tiga da aka kammala a 1974, da ta Chalawa a 1992, sun sauya yadda ruwa ke malala a kwarin. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa da dama, ta cinye gonaki da wuraren su, ta kuma zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Wani yanki ruwa ya daina isa, wani yankin kuma ya kwanta ya ƙi tafiya. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun shafe gonakin shinkafa masu yawa a masarautar.

Duk shekarar da kogi ya yi fushi, sai an gani a farantin talla. Kifi ya yi tsada, waina ta ƙanƙance, mai saye ya rage. Don haka wanda ke son taron dawaki mai armashi a Haɗeja, dole yashe kogi da cire kacala su dame shi kamar yadda lafiyar doki ta dame shi.

Jari ya yi nauyi, ranar ba ta da tabbas

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, jarin ƙaramar sana'a ya zama abin tsoro. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. Mai zoɓo na buƙatar sukari da ƙanƙara, mai awara na buƙatar waken suya da mai, mai tsire na buƙatar nama da ƙuli da itace. Ga kuɗin babur ko a-daidaita-sahu zuwa fili.

Da yawansu bashi suke ci don ranar taro, da niyyar biya idan an tashi. Shi ya sa soke taro dab da ranarsa ya fi cutar da su a kan kowa. An ga haka a Kano, inda 'yan sanda suka hana hawa a Babbar Sallar 2024 da Ƙaramar Sallar 2025 saboda rikicin sarauta. Muhawarar da ta biyo baya ta siyasa ce da ta tsaro. Mai doki ya mayar da dokinsa turke, ya ajiye lifidinsa sai baɗi. Wadda ta riga ta jiƙa shinkafa ta kai niƙa fa, ina za ta kai ƙullunta?

Darasin da Haɗeja za ta ɗauka a nan mai sauƙi ne. Taron da aka san ranarsa tun watanni kafin ya zo, kuma ba a ɗaga shi don wani babba bai samu zuwa ba, shi ne taron da talaka zai iya zuba jarinsa a kai. In ba haka ba, Sallah ce za ta wuce ta bar wawa da bashi, kuma wanda aka bari da bashin ba wawa ba ne, mai neman halak ne.

Doki ma daga rumbun yake ci

Akwai wani ɓangaren abinci da ake mantawa da shi, wato na dawakin kansu. Dokin sukuwa gero da dawa yake ci, da dusa da harawa da kanwa. Abin da ke cikin rumbun manomi shi ne ke cikin akurkinsa.

Wannan na da fuska biyu. Idan hatsi ya yi tsada, riƙon doki kan gagari mai ƙaramin ƙarfi, sai wasan ya koma hannun attajirai da masu sarauta kaɗai. Amma idan dawaki suka taru daga garuruwa na kwana biyu ko uku, manomin da ya adana harawar wake da ta gyaɗa ya samu kasuwa a ƙofar gida. Haka mai dusar alkama da ta shinkafa, da mai ga-ruwa, da baduku mai gyaran linzami da sirdi. Kasuwar Maigatari da ke ci ranar Alhamis, inda dabbobi ke shigowa daga Nijar, ba ta da nisa da wannan harka.

Ke nan taron dawaki kasuwa biyu yake buɗewa lokaci guda, ta cikin mutum da ta cikin doki, kuma duka biyun daga gona ɗaya suke.

Baturiya ba fagen sukuwa ba ce

Idan ana neman wuri mai kyau da za a kai baƙi su shimfiɗa tabarma su ci abinci, Baturiya ce za ta fara zuwa a rai. Akwai inuwar gabaruwa da giyayya da goruba, ga tafkuna, ga kirinjijiya da dinya da zalɓe. Amma wurin yana da alƙawura a kansa.

A 2008 aka sanya dausayin Baturiya, mai faɗin hekta sama da 100,000, cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a Iran a 1971. A 2020 UNESCO ta amince da yankin Haɗeja da Nguru da Bade a matsayin yankin kare halittu. A ƙarshen wannan shekarar kuma gwamnatin tarayya ta amince da kafa sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10, ciki har da na dausayin Haɗeja.

Matsalar ita ce lokaci. Tsuntsayen da ke gudo wa sanyin Turai suna sauka ne daga ƙarshen damina, su zauna har hunturu ya wuce. Wannan kuma shi ne lokacin da ya fi dacewa da sukuwa, domin ƙasa ta bushe, zafi bai sauko ba, manomi na da 'yan kuɗin kaka. Kiɗan tambari da harbin bindigar gargajiya da ƙarar janareta da ɗaruruwan motoci ba za su zauna inuwa ɗaya da tsuntsun da ya ƙetare Sahara don ya huta ba.

Sai maganar itace. Dajin ya daɗe yana fama da masu sara da masu faɗaɗa gona. Tukubar tsire da kaskon suya da bandar kifi duk wuta suke ci. Idan aka tara dubban mutane a bakin dajin ba tare da an tanadi makamashi ba, kowa ya san inda za a samo itacen. Leda kuwa, wadda iska za ta kwasa ta zuba a tafki, ta kan ƙare ne a cikin tumbin saniya ko a cikin komar masunci.

Mafita ita ce a raba biyun. Sukuwa a yi ta a kan tudu, a bayan gari, inda akwai hanya da ruwa da asibiti a kusa. Baturiya kuma ta zama wurin ziyarar washegari da sassafe, rukuni-rukuni, da 'yan rakiya daga ƙauyukan yankin, a ci abinci a wuri guda da aka keɓe a bakin daji, wanda matan ƙauyukan suka dafa. Ta haka mutanen da ake roƙo su daina sare daji za su ga abin da tsayuwarsa ke kawo musu.

Ƙura da ruwa da tafasasshen mai

Kare masu talla ba ya nufin rufe ido kan matsalolin da ke tattare da sana'ar. Filin sukuwa wuri ne na ƙura da kashin doki da ƙudaje. Abinci a buɗe tun hantsi har la'asar, da zoɓon da ba a san ruwan da aka haɗa shi da shi ba, hanya ce ta ciwo. Jigawa na cikin jihohin da annobar amai da gudawa ta fi yi wa ɓarna a 2021, kuma taron jama'a ba banɗaki ba wurin wanke hannu shi ne abin da cutar ke so.

Akwai kuma haɗarin doki. Idan ya ƙwace wa mahayi, jama'a yake nufa. Masu suya kuwa sukan matsa kusa da fage ne don nan ciniki yake, da kaskon tafasasshen mai a gabansu da yara a kewaye. Ba sai an jira abin ya faru ba, riga-kafi ya fi magani.

Sannan a dubi waɗanda ke ɗauke da farantin. Yawancinsu 'yan mata ne ƙanana, wasu a lokacin da ya kamata suna aji, wasu kuma ba sa komawa gida sai dare ya yi don kayan ba su ƙare ba. Uwar da ke cikin gida ba ta da wata hanyar kai kayanta fili sai ta hannun 'yarta. Korar yarinyar ba ta warware komai. Abin da zai warware shi ne rumfa tabbatacciya da babba zai zauna a ciki, da sanya taro a ƙarshen mako ko lokacin hutu, da tashi kafin magariba.

Abin da ya kamata a yi

Ba a buƙatar sabuwar hukuma. Masarautar tana da ƙananan hukumomi 8: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma da Malam Madori. Kowace tana da duba-gari. Sana'o'in kuma suna da shugabanninsu tun kaka da kakanni: sarkin fawa, sarkin ruwa, sarkin kasuwa, da arɗo a wajen Fulani. Da su ya kamata a zauna tun ranar da aka fara zancen taro, ba ranar da aka gama kafa rumfa ba.

Na farko, a ware layin abinci a cikin fili, nesa da hanyar dawaki da turakunsu, a ɓangaren da iska ba ta kai ƙura. A yi wa masu sana'a rajista ta hannun shugabanninsu, kyauta ko da ɗan abin da ba zai karya jari ba, a kuma fifita 'yan yankin.

Na biyu, a ɗauki abin da ke da amfani a tsarin Amurka. A sayar wa masu hali wurin ajiye mota a gefen fage, su biya da kyau. Kuɗin a sanar da adadinsa a bainar jama'a, a kashe shi kan tankin ruwa mai tsafta da banɗaki da shingen kariya da masu kwashe shara, abin da ya rage a kai asibitin yankin. Idan mai mota yana son walima, ga mai gasa kifi da mai waina nan kusa, ya ba su aikin.

Na uku, gasar ƙawata teburi ta koma gasar girki. A ba da kyauta ga wadda ta fi iya sarrafa kifin Haɗeja, da mai furar da ta fi tsafta, kamar yadda ake ba dokin da ya zo na ɗaya. Argungu, wadda bikin kamun kifinta ya shiga jerin UNESCO tun 2016, ta nuna cewa kifi kaɗai na iya tara duniya a gari.

Na huɗu, a tuna cewa yankin Guri da Kirikasamma ya sha ganin saɓani tsakanin manoma da makiyaya. Filin da Bafulatana ke dama fura kusa da matar manomi mai waina, ɗan masunci kuma na sayen duka biyun, yana yin aikin da zaman sulhu da yawa ba su yi ba. Kada a tsara shi ta yadda wani zai ji an bar shi a waje.

Gwamna Umar Namadi ɗan Kafin Hausa ne, ɗan wannan masarauta, ya san fadamar da mutanenta. Idan gwamnatinsa da fadar Haɗeja za su sanya doki da dausayi cikin lissafin jawo baƙi, to su sanya tukunya a shafin farko na lissafin. Ranar da aka tashi daga taro, a tambayi dokin da ya ci, amma a kuma leƙa layin abinci a ga mata nawa ne suka koma gida da kwano wayam, suka biya mai shinkafa, har suka rage na cefanen gobe.